Amsa: Ƙaramar tarakta ba ta tashi, kuma ba ta ja

Malam, ka ce ƙaramar taraktarka ba ta tashi, in kuma ta tashi ta ɗau zafi ba ta ja. Wannan "ƙas-ƙas" da kake ji in ka murɗa makulli galibi batir ne, kada ka yi saurin kwance kik, wato na'urar da ke tayar da inji. Sa mitar auna wuta: lafiyayyen batir yana ba da volt 12.6, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 lokacin tayarwa ba. In ya cika, kankare kawunansa da wayar da aka ɗaure a bodi, tsatsa na tare wuta. Bai yi ba? Mai yiwuwa solanoyid ne, wato makunnin da ke tura wutar batir zuwa kik.

Rashin ja in ta ɗau zafi kuwa, fara da bel ɗin da ke kai ƙarfin inji zuwa giya. In ya saki ko ya yi santsi, canja shi. In giyar taraktar mai aiki da mai ce (hydrostatic), ƙurar hunturu da ƙaiƙayi kan toshe fankarta, giyar ta yi zafi, man ya tsinke. Kakkaɓe, sannan ka duba yawan man.