Amsa: Za a iya rage kukan jiniya?

Malam, ka tambaya ko motar asibiti za ta iya neman hanya ba tare da jiniya ta hana unguwa barci ba. Ana ƙoƙari kam. A 2017 an gwada wata na'ura, EVAM, a Stockholm ta ƙasar Suwidin: motar asibitin na tunkarowa sai na'urar ta katse rediyon motocin da ke gabanta, murya ta ce a kauce. A Amurka kuma kamfanin HAAS Alert kan tura gargaɗin ta Waze, manhajar da ke nuna hanya, zuwa wayar direba. Wanda ya ɗaga gilashi ya ƙure kiɗa shi wannan ya fi kamawa. Mai keke da mai tafiya a ƙasa fa? Saboda su dole jiniya ta yi kuka, sai dai a taƙaita.