Me Ya Sa Sanata Warnock Ya Je Zagaye Na Biyu Alhali Ya Fi Kowa Ƙuri'a?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Malam, akwai abin da ya ɗaure mini kai game da zaɓen Amurka na 2022. An ce Sanata Raphael Warnock na jihar Jojiya ya fi abokin karawarsa ƙuri'a, kuma shi ne ke kan kujera, amma aka ƙi ba shi nasara, aka ce sai an sake zaɓe bayan wata guda. Shin irin inkonkulusif ɗin da muka sani a nan ne? Sannan me ya sa 'yan jarida suka cika mana kunne da maganar yawan waɗanda za su fito kaɗa ƙuri'a, alhali mutanen nan ne dai suka yi zaɓen farko?

Daga wani mai karatu a Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, bari mu fara kawar da maganar inkonkulusif, domin ba su haɗa hanya ba. A Najeriya ɗan takarar sanata yana ci ne da zarar ya fi kowa ƙuri'a, ko da da ƙuri'a ɗaya ce. Hukumar zaɓe tana cewa zaɓe bai kammala ba ne idan an soke wasu rumfuna, kuma masu zaɓen da ke cikinsu sun fi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, sai a koma waɗannan rumfunan kaɗai. A Jojiya babu rumfar da aka soke, babu akwatin da aka sace. Dokar jihar ce ta ce fin kowa ƙuri'a bai isa ba, sai mutum ya haura rabin dukkan ƙuri'un da aka kaɗa. Idan babu wanda ya haura, a ɗauki na ɗaya da na biyu, jihar gaba ɗaya ta sake fitowa. Abin ya fi kama da zaɓen shugaban ƙasa a Gana, inda a 2008 Nana Akufo-Addo ya zo na ɗaya a zagayen farko bai kai rabi ba, John Atta Mills ya kayar da shi a na biyu.

Ga abin da ya faru ranar 8 ga Nuwamba 2022. Warnock na jam'iyyar Dimokurat ya sami kashi 49.4 cikin 100. Herschel Walker na Rifablikan, tsohon tauraron ƙwallon Amurka wanda Donald Trump ya ɗaga hannunsa, ya sami kashi 48.5. Ragowar, kusan kashi 2, ta tafi wurin Chase Oliver na ƙaramar jam'iyyar Libatariyan, wanda ya tattara ƙuri'u dubu 81 da 'yan kai. Babu wanda ya taɓa tsammanin Oliver zai ci, shi kansa ya sani. Amma a jihar da manyan jam'iyyu biyu suke kankankan, mutum na uku ba ya bukatar ci kafin ya hana kowa ci.

To amma ka ce shi ne ke kan kujera, me ya hana shi zarcewa? Ka tuna cewa kujerar ba ta daɗe a hannunsa ba. Ta Sanata Johnny Isakson ce, wanda ya ajiye ta a ƙarshen 2019 saboda rashin lafiya. Gwamna ya naɗa Kelly Loeffler ta riƙe, Warnock ya kayar da ita a Janairun 2021, kuma abin da ya ci ragowar wa'adin Isakson ne kawai, shekara biyu. Ya dawo neman cikakken wa'adi ne a shekarar da tsadar kaya ta addabi Amurkawa, ga shi jam'iyyarsa ce ke mulki a fadar shugaban ƙasa, kuma a al'adar siyasarsu jam'iyyar shugaba ce ke shan duka a zaɓen tsakiyar wa'adi. A ranar nan Brian Kemp na Rifablikan ya koma kujerar gwamna da kashi 53 da ɗoriya. Saboda haka ni a wurina abin tambaya shi ne yadda Warnock ya zo na ɗaya a irin wannan rana. Amsar kuwa tana cikin lissafi: Walker ya gaza Kemp da ƙuri'u kusan dubu 200, duk da suna jam'iyya ɗaya a takarda ɗaya. Mutane ne suka zaɓi gwamna, suka zo kan sunan Walker hannunsu ya ƙi, saboda zarge-zargen da suka dabaibaye rayuwarsa da kuma shakkar ko ya iya aikin. Wasu suka ba Warnock, wasu suka ba Oliver, wasu suka bar wurin babu komai.

Ya kamata in ɗan tsaya a kan asalin dokar, don ba daga sama ta faɗo ba. Yawancin jihohin Amurka ba su da ita a babban zaɓe, kuma inda ake samun zagaye na biyu galibi a kudu ne. Jojiya ta daɗe tana amfani da wani tsari da ke ba ƙananan gundumomin karkara nauyin da ya wuce yawan mutanensu, wanda ya danne ƙuri'ar birane irin Atlanta inda baƙaƙen fata suka fi yawa. Kotun Ƙolin Amurka ta rushe shi a 1963. A shekarar ce wani ɗan majalisar jiha daga garin Macon, Denmark Groover, ya kawo shawarar dokar rinjaye, aka amince da ita a 1964. Groover ya taɓa faɗuwa zaɓe a 1958, ya ɗora laifin a kan baƙaƙen fata da suka dunƙule ƙuri'arsu wuri guda. Dabarar a fili take: idan fararen fata sun rarrabu a kan 'yan takara uku ko huɗu, baƙaƙe suka haɗu a kan ɗaya har ya zo na farko, to zagaye na biyu zai ba farare damar haɗa kai su kayar da shi. Masu kare dokar suna da tasu hujjar, cewa bai dace mutumin da yawancin jama'a suka ƙi ya wakilce su ba, kuma hujja ce mai ƙarfi. An kai dokar kotu ba a soke ta ba. Amma duk lokacin da na tuna cewa Warnock, limamin cocin Ebenezer inda Martin Luther King ya yi wa'azi, kuma baƙar fata na farko da ya zama sanatan Jojiya, ta wannan ƙofar ya bi har sau biyu ya shiga majalisa, abin yana taɓa mini zuciya.

'Yan siyasar jihar ma sun yi ta jan dokar zuwa inda take yi musu daɗi. Bayan da 'yan Dimokurat suka rasa kujera a zagaye na biyu a 1992, suka sauko da ma'aunin zuwa kashi 45, abin da ya ba Max Cleland damar ci a 1996 ba tare da ya kai rabi ba. Da 'yan Rifablikan suka karɓi majalisar jihar suka mayar da shi kan rabi a 2005.

Yanzu sai rabin tambayarka na biyu, wanda shi ne zuciyar maganar. Ka ce ai mutanen nan ne dai suka yi zaɓen farko. A'a Malam, ba su ba ne. Sunayen da ke cikin rajista ɗaya ne, amma waɗanda ke tashi su je rumfa sun bambanta. A zaɓen farko akwai shugaban ƙasa ko gwamna a takarda, akwai 'yan majalisa da sauran muƙamai, kowa da abin da ya fito da shi daga gida. A na biyu suna biyu ne kacal a takardar, cikin sanyin hunturu, bayan kowa ya gaji da tallan siyasa. Mai aikin lada na awa-awa sai ya sake neman izini a wurin aiki. Uwa sai ta sake neman mai riƙe mata yara. Ɗalibi wataƙila ya koma gida hutu. Kuma ba a raguwa daidai wa daida, wani ɓangare yana zubar da mutanensa fiye da wani. Wanda ya fi iya dawo da nasa shi ke ci.

Dubi 1992. Sanata Wyche Fowler na Dimokurat, wanda ke kan kujera, ya zo na ɗaya da ƙuri'u miliyan 1.1, Paul Coverdell na Rifablikan yana biye da shi da tazarar dubu 35. Da aka dawo bayan mako uku, masu zaɓe suka sauko daga miliyan 2.2 zuwa miliyan 1.25. Coverdell ya ci da ƙuri'u dubu 635, adadin da bai kai kashi biyu cikin uku na abin da ya samu ranar da ya zo na biyu ba. Bai ƙara magoya baya ba, nasa ne suka fi dawowa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

A 2008 abin ya fi fitowa sarari. Sanata Saxby Chambliss na Rifablikan ya tsaya a kashi 49.8, kaɗan ya rage. Jim Martin na Dimokurat ya kai kusan kashi 47 domin Barack Obama na kan takardar, kuma baƙaƙen fata da matasa sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu. Wata guda bayan haka babu sunan Obama. Martin ya rasa kusan rabin ƙuri'unsa, Chambliss ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku, tazarar maki uku ta koma maki goma sha biyar. Wannan ya sa aka daɗe ana ɗauka cewa zagaye na biyu a Jojiya gonar Rifablikan ce, saboda masu zaɓensu sun fi shekaru, sun fi zama wuri ɗaya, zaɓe kuma ya zame musu ɗabi'a.

Ranar 5 ga Janairu 2021 ta karya wannan zato. Sanata David Perdue na Rifablikan ya wuce Jon Ossoff na Dimokurat da ƙuri'u dubu 88 a Nuwamba, ya tsaya a kashi 49.7. A zagaye na biyu mutane kusan miliyan 4.5 suka fito cikin kusan miliyan 5 na farko, domin rinjayen majalisar dattawa gaba ɗaya ya rataya a kan kujerun Jojiya biyu. Perdue ya yi asarar ƙuri'u kusan dubu 250, Ossoff ya yi asarar dubu 100 da 'yan kai, sai Ossoff ya ci da dubu 55. A ganina akwai dalili biyu. Ƙungiyoyin sa kai, ciki har da waɗanda Stacey Abrams, 'yar siyasar Dimokurat a jihar, ta assasa, sun shafe shekaru suna yi wa mutane rajista suna bin su gida-gida. Sannan Trump ya shafe wata biyu yana gaya wa magoya bayansa cewa an yi maguɗi a Jojiya. Idan ka gaya wa mutum ƙuri'arsa ba ta da amfani, da wane baki za ka ce masa ya sake shiga layi?

Akwai ma lokacin da masu zaɓe suka ƙaru. A zaɓen fid da gwani na Rifablikan a jihar Misisifi a 2014, Sanata Thad Cochran, wanda ke majalisar tun 1978, ya zo na biyu a bayan Chris McDaniel. Da ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ya nemi baƙaƙen fata, waɗanda yawancinsu 'yan Dimokurat ne amma doka ta ba su damar shiga muddin ba su yi zaɓen fid da gwanin jam'iyyarsu ba. Mutane sama da dubu 60 suka ƙaru a kan na farko, Cochran ya tsira da ƙasa da ƙuri'u 8,000.

Mu dawo 2022. Bayan abin da ya faru a 2021, majalisar jihar ta rage tazarar da ke tsakanin zagayen biyu daga mako tara zuwa mako huɗu. Kwanakin zaɓen wuri, wato damar kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe, suka ragu zuwa biyar na tilas. Rajista kuma ta rufe tun ranar 7 ga Nuwamba, kafin ma kowa ya san za a je zagaye na biyu. Har kotu aka je a kan ko za a buɗe rumfuna ranar Asabar 26 ga Nuwamba. Jami'an jihar suka ce doka ta hana saboda ta biyo bayan ranar hutu, ɓangaren Warnock ya kai ƙara ya yi nasara. Kada ka raina rigima a kan Asabar ɗaya. Ga wanda ke aiki Litinin zuwa Juma'a, ita ce ranar da yake da ita. Mutane sama da miliyan 1.8 suka kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe, da yawa bayan doguwar tsayuwa a layi.

Abu biyu suka yi wa Walker illa. Kemp ba ya kan takarda, don haka babu wanda zai ja masa masu zaɓen da dama ba don shi suka fito ba. Kuma tun 12 ga Nuwamba, da Sanata Catherine Cortez Masto ta Dimokurat ta riƙe kujerarta a jihar Nebada, 'yan Dimokurat suka tabbatar da rinjayensu a majalisar dattawa. Ɗan Rifablikan da ya daure ya zaɓi Walker don jam'iyyarsa ta karɓe majalisa ya rasa dalilin sake fitowa. Ranar 6 ga Disamba mutane miliyan 3.5 suka yi zaɓe, a maimakon miliyan 3.9. Warnock ya rasa ƙuri'u kusan dubu 125 daga na farko, Walker ya rasa fiye da dubu 185. Tazarar dubu 38 ta koma kusan dubu 100, Warnock ya ci da kashi 51.4.

Idan ka tambaye ni ra'ayina, ina tare da masu cewa sanata ya kamata ya sami amincewar fiye da rabin jama'a, amma ba na ganin adalci ne a ce sai talaka ya bar aikinsa sau biyu kafin a ƙirga muryarsa. Kuma Jojiya da kanta ta san mafita. Sojojinta da 'yan jihar da ke ƙasashen waje ana aika musu takardar da suke jera 'yan takara a kai, wannan ne zaɓina na ɗaya, wannan na biyu, don idan an je zagaye na biyu a ƙirga tasu ba tare da sun sake zaɓe ba. Da an ba kowa irin wannan takardar, da mutum dubu 81 na Oliver sun raba gardamar a daren 8 ga Nuwamba, da kuma mutum dubu 400 da ba su dawo a Disamba ba suna cikin waɗanda suka yanke hukuncin.