Fuloti ƙafa 50 da 100: ta ina ake fara tsara gidan iyali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi fuloti ƙafa 50 da 100 a bayan gari a Kano, ɓangaren titi yana kallon yamma. Ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, mahaifiyata ma za ta zauna tare da mu. Ina son ɗakunan kwana huɗu, falo biyu, da shaguna biyu a gaba. Magini ya ce ba sai an yi zane ba, zai shata kawai a fara haƙa fandisho. Fulotin zai ɗauki wannan? Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka. Fulotin zai ɗauka, amma kada ka yarda a sa diga a ƙasa babu zane. Gyara a takarda na minti biyar ne, gyara bayan an kai linta kuwa rusau ne da asarar bulo da siminti. Kuma a Kano hukumar tsara birane, wato KNUPDA, ita ke amincewa da zanen gini kafin a fara. A wurinta za ka ji tazarar da ake so a bari daga titi, da ko an yarda da shaguna a layinku.

Ka fara kawo safiyo ya tabbatar da iyakoki huɗu. Fuloti da yawa sunansu 50 da 100 ne kawai, idan aka ja tef sai a ga 48 a gaba, 51 a baya. A auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan a auna tsakanin sauran kusurwoyin biyu. Idan fulotin daidai yake, duk biyun za su ba da kusan ƙafa 112. Idan suka bambanta, a karkace yake, mai zane ya san da haka tun yanzu.

Bayan wannan ba lissafin ɗakuna ne ke biye ba, ruwa ne: wanda za ku sha, wanda za ku zubar, da na sama. Sokawe ya zauna a gaba kusa da titi, inda mesar motar yasa za ta kai ba tare da an ratsa falo ba. Rijiya ko burtsatse ta koma can ƙarshen baya. Ana son tazarar mita 30 tsakaninsu, to tsawon fulotinka duka kusan mita 30 ne, don haka kowanne ya kama nasa ƙarshen, kuma kada tazarar ta gaza mita 15 ko ta halin ƙaƙa. Ka leƙa gidan maƙwabcinka na baya ka ga inda ya haƙa shaddarsa, domin ƙazantar da ke bin ƙarƙashin ƙasa ba ta san katanga ba. Idan wurin ya matse, burtsatsen da aka toshe wuyanta da siminti ta fi rijiyar hannu aminci.

Daɓen gida ya ɗara titi da bulo biyu zuwa uku, wato santimita 45 zuwa 70. Titin bayan gari yau ƙasa ne, ranar da aka zo yin kwalta da kwata sai a ciko shi, gidan da aka gina daidai da titi ya koma rami, ruwan Agusta ya riƙa shigowa ta ƙofa. Tsakar gida kuma ta ɗan gangara zuwa titi, a bar mata hanyar ruwa ta gefen gini.

Yanzu rabon tsawon. Ga yadda zan raba ƙafa 100 ɗin: 30 na gaba ga soro, shago, wurin mota da sokawe, 45 zuwa 50 ga babban gini, sauran 20 zuwa 25 tsakar gida ta baya. Wannan ta bayan ita mutane ke fara cinyewa idan suna son ƙarin ɗaki, kuma ita suka fi yin nadama a kai. Nan ake wanki da shanya, nan ake ɗora tukunyar suna da biki, nan ake daka, nan ake ɗaure ragon layya, nan ake shimfiɗa tabarma da dare a watan Afrilu idan ɗaki ya ƙi zaunuwa. Gida mai yara biyar da dattijuwa ba ya yi ba tsakar gida. Ginin duka kada ya wuce rabin fili.

Kallon yamma da fulotinka ke yi ba matsala ba ce idan aka san yadda za a bi da shi. Ranar la'asar ita ce mai dafa bango, bangon ya yi ta sakin zafi har tsakar dare. Saboda haka duk abin da ba a kwana a cikinsa a jera shi a yamma ya zama garkuwa: soro, shago, sito, banɗaki. Ɗakunan kwana su koma tsakiya da baya, manyan tagoginsu su kalli kudu da arewa. A nan ka yi dace, domin dogayen ɓangarorin fulotinka can suke kallo. Bangon gabas kuma shi hadari ke duka, tunda ruwa mai iska a ƙasarmu galibi daga gabas yake tasowa, don haka rufi ya zarce bango da kamar ƙafa biyu, tagogin gabas a yi musu rumfa. Alƙibla daga Kano gabas ce ta ɗan karkata arewa, sai a dasa kujerar banɗaki ta kalli kudu ko arewa. A faɗa wa mai zane da mai aikin famfo tun wuri, in ba haka ba inda bututu ya fi sauƙi za su ɗora ta.

Wajen faɗi, mutane kan manta kaurin bango. Ɗakuna uku masu ƙafa 12 a jere ƙafa 36 ne, amma bango huɗu na bulo inci tara sun ƙara ƙafa uku, ya zama 39 kafin filasta. Saura 11, a cire katanga, kowane gefe bai kai ƙafa biyar ba. Wannan lungun shi ne numfashin gidan, kada a rage shi, kada kuma a jingina gini da katanga don a sami ƙarin wuri. Ɗakin da ke tsakiyar jerin uku taga ɗaya kawai zai samu, iska ba ta ratsa shi. Ya fi a sa banɗaki ko sito a nan, kowane ɗakin kwana ya sami kusurwa mai taga a bango biyu. Silin ya kai ƙafa goma daga daɓe.

Sai zirga-zirgar mutane. Baƙon maigida ya shigo ta soro zuwa falon baƙi, da banɗakinsa a jiki, ba tare da ya hangi cikin gida ba. Ƙofar soro da ta cikin gida kada su kalli juna. Mata da yara su sami hanyarsu ta lungun gefe zuwa falon iyali. Ɗakin Hajiya ya kasance kusa da falon iyali da tsakar gida, ba a can ƙurya ba, da banɗakinta a ciki, ba tudu ba matakala, ƙofa mai faɗin ƙafa uku ko da wata rana za a buƙaci keken marasa lafiya, tayil ɗin kuma marar santsi. Kicin ya buɗe wa tsakar gida, sito a jikinsa. A tara kicin da banɗakuna a ɓangare ɗaya da sokawe, domin bututun inci huɗu yana son gangara ta kusan ɗaya cikin 40, kuma duk kwanar da aka ƙara masa wurin toshewa ce.

Game da shaguna, shawarata ka yi ɗaya. Get ɗin mota na son ƙafa 12, soro ƙafa 10. Shaguna biyu za su shiga da ƙyar, amma su toshe hanyar zuwa sokawe. A wurin na biyun ka yi ɗan ɗakin da ba zai toshe hanyar ba, mai ƙofa cikin soro, domin nan da 'yan shekaru samarin gidan za su buƙaci nasu wuri. Shagon kada ya sami ƙofa ko taga ta cikin gida, mitar wutarsa ma daban.

Abu biyu ka faɗa wa mai zane ko da ba yanzu za ka yi su ba. Idan kana tunanin ɗora bene, injiniya ya lissafa fandisho da ginshiƙai da rodi don hawa biyu tun farko, a ware wurin matakala kamar ƙafa 8 da 14. Idan kuma akwai yiwuwar ƙara aure, a nuna inda sashe na biyu zai zauna daidai da na farko, da kicinsa da banɗakinsa, ba sai an zo ana yanka falo ba. Hasumiyar tanki ma a ba ta wuri a zane kusa da rijiya, da nata fandisho, domin lita 1,000 na ruwa nauyin tan ɗaya ne.

Idan zanen farko ya fito, ku je fulotin da igiya da turaku da toka, a shata kowane ɗaki a ƙasa, kai da uwargida da Hajiya ku taka ciki. Kicin da ya yi kyau a takarda a nan ake gane ya yi ƙanƙanta. Abin da kuka gyara a mayar wa mai zane, sannan a kai KNUPDA.