Ta Yaya Binciken Makamashi Zai Kai Ga Masu Tsara Doka?

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai neman digiri na uku a fannin makamashi. Muna ta rubuce-rubuce kan hanyoyin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma aikin namu yakan tsaya a mujallun da masana kaɗai ke karantawa. Shin akwai hanyar da mai bincike zai sa gwamnati ta yi aiki da abin da ya gano?

Amsa: Akwai, Malama, sai dai da wuya maƙala guda ta sauya doka. Bincike ya fi tasiri idan ya bi ta hukumar da gwamnati ta riga ta ɗaure kanta da sauraro, kuma ya iso a daidai lokacin da ake shirin yanke shawara.

Dubi abin da ya faru a Birtaniya. Dokar sauyin yanayi ta 2008 ta kafa kwamitin masana mai zaman kansa, ta kuma wajabta wa gwamnati neman shawararsa kafin ta ƙayyade yawan hayaƙin da ƙasar za ta fitar cikin kowaɗanne shekaru 5. A watan Mayun 2019 kwamitin ya ba da shawarar cewa nan da 2050 kada hayaƙin da ake fitarwa ya zarce wanda ake iya zuƙewa daga sararin samaniya, kuma kafin ƙarshen watan Yuni shawarar ta zama doka. A ganina, ba gargaɗi ne ya kawo wannan hanzari ba, lissafi ne. Kwamitin ya nuna cewa aikin zai ci kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na abin da tattalin arzikin ƙasar ke samarwa a shekara, wato daidai da abin da majalisa ta amince da shi a 2008 domin rage kashi 80 cikin 100 na hayaƙin kawai, saboda farashin lantarkin iska da na batura ya faɗi ƙwarai. Minista yana son ya san nawa za a kashe, wa zai biya, kuma ma'aikatan wace masana'anta ne za su rasa aiki. Binciken da ya yi shiru kan waɗannan tambayoyi yakan ƙare a cikin durowa.

Haka ma rahoton 2018 na IPCC, wato kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya ce sai an rage iskar kabon da kusan kashi 45 cikin 100 nan da 2030, idan aka kwatanta da yawanta a 2010, idan ana son ƙarin ɗumamar duniya ya tsaya a digiri 1.5 na ma'aunin Celsius. Gwamnatoci ne da kansu suka nemi a rubuta shi a taron sauyin yanayi na Paris na 2015, shi ya sa ya yi musu wuya su kau da kai.

Saboda haka ki riƙa bibiyar lokutan da ma'aikatu da kwamitocin majalisa ke neman ra'ayin jama'a, ki aika musu da taƙaitaccen bayani cikin harshe mai sauƙi. A ciki ki bambanta abin da alƙalumanki suka tabbatar da abin da yake ra'ayinki ne, ki kuma faɗi inda hasashenki yake da rauni, domin jami'in da ya dogara da lissafinki ya ji kunya a gaban majalisa ba zai sake neman ki ba.