Tumun Dare Ma Sai an Samu Na Zaɓa

Tambaya: Malam, a ƙasar da jam'iyya ɗaya ce ke mulki, za a iya kiran zaɓensu "zaɓen tumun dare"?

Amsa: Ba ko'ina ba, kuma yadda ake jefa wannan karin magana barkatai yana damuna. Tumu dai zangarniyar sabon gero ce da ake gasawa. Mai zaɓen ta da dare yana laluba tsakanin zangarniyoyi da yawa, duhu ya hana shi gane mai ido da marar ido, sai gari ya waye ya ga ya ɗauko wofi. Ke nan an ba shi dama, gani ne bai samu ba. To wanda aka miƙa wa suna ɗaya tak fa, me ya laluba? A Nijar, a Disambar 1989, Ali Saibou shi kaɗai ya tsaya neman kujerar shugaban ƙasa a ƙarƙashin jam'iyya mai mulki, MNSD. A Koriya ta Arewa har yau suna ɗaya ake ba kowace mazaɓa. Karin maganar da ta dace da wannan ita ce "dole ƙanwar na ƙi".

Sai dai tsarin ba duka ya zama ɗaya ba. A Tanzaniya, daga 1965, jam'iyyar TANU ta shugaban ƙasa Julius Nyerere kan tsayar da mutum biyu a kujerar majalisa, jama'a su ɗauki ɗaya, har ministoci suka faɗi. Nan akwai zaɓi, ko da yake jam'iyya ce ta tace tumun tun kafin ya iso hannun mutane. Kujerar shugaban ƙasa kuwa "e" ko "a'a" ce kawai. Don Allah masu sharhi su riƙa bambanta waɗannan.

Tambaya: Daidai ne a ce "ɗan takara" ga wanda ya tsaya shi kaɗai?

Amsa: Takara sai da abokin karawa. A ce ya tsaya babu hamayya.

Tambaya: "Kuri'a" ko "ƙuri'a"?

Amsa: Ƙuri'a, da ƙ mai lanƙwasa. Daga Larabci take.

Tambaya: "'Yan adawa" da "'yan hamayya" duk ɗaya ne?

Amsa: A bakin 'yan jarida sun zama ɗaya, a wurina a'a. Adawa asalinta gaba ce, ƙiyayya. Wanda ka kira ɗan adawa ka riga ka sa shi sahun maƙiya, kuma da irin wannan hujja gwamnatoci ke rufe jam'iyyu, kamar yadda Kenya ta yi da doka a 1982, ba ta janye ba sai 1991. Ɗan hamayya kujerar yake nema, shi ma ɗan ƙasa ne. Ni shi nake rubutawa.