Amsoshin tambayoyinku: ƙarin ƙarfin inji ba tare da ya buga ba

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru mini a wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya: kowa yana so motarsa ta ƙara ƙarfi, kuma ba wanda ke son ranar da za a ce masa inji ya buga. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya daga Kaduna: "Malam, ina da Honda Accord ta 2005, wadda ake ce wa EOD, mai inji lita 2.4 da giya otomatik. Bakanikena ya samo turbo ta Kwatano, ya ce in ya ɗaura mini ita ƙarfin motar zai ninka. Ita kaɗai gare ni, da ita nake zuwa aiki, da ita nake kai yara makaranta. In yarda?"

Ɗan'uwa, kada ka yarda. Bari in faɗa maka dalili dalla-dalla, don tambayarka ita ce uwar sauran.

Injin da ke cikin motarka, K24, yana ba da ƙarfin doki wajen 160, kuma inji ne mai haƙuri. Abin da turbo ke yi shi ne ta cusa masa iska fiye da wadda zai shaƙa da kansa. In ta kai matsin "bar" ɗaya (bar shi ne ma'aunin matsin iska), iskar da ke shiga silinda ta kusan ninka ke nan, a nan bakaniken naka ya samo maganar ninkawa. Bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa maka. Iska ita kaɗai ba ta tura mota, sai an haɗa ta da fetur daidai gwargwado. A tafiya ta yau da kullum inji yana so awo 14.7 na iska ga awo ɗaya na fetur, amma da zarar turbo ta fara hurawa, sai an ƙara fetur har lissafin ya sauko wajen 12, domin rarar fetur ɗin ita ke sanyaya cikin silinda. To wa zai ƙara wannan fetur? Ƙwaƙwalwar motar, wadda kanikawa ke kira birenbos, ba ta san an sa turbo ba. Nozul masu fesa fetur da kamfani ya sa da famfon mai na cikin tanki an auna su ne don doki 160.

Idan fetur ya yi kaɗan iska ta yi yawa, wuta takan tashi da kanta a gefen silinda, ta yi karo da wadda filogi ya kunna. Za ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Wannan ƙarar ita ke fasa gefen fistin inda zobba suke zama, ita ke ƙone gaskit. A injin da aka matsa wa iska, daƙiƙu kaɗan sun isa a yi ɓarnar.

Ga kuma abin da masu kallon bidiyon Amurka da Japan suke mantawa. A Turai mutum yana tsayawa gidan mai ya zaɓi fetur mai lamba 95 ko 98, kuma lambar nan tana nuna yadda man ke jure matsi kafin ya kama da kansa. Mu a nan famfo ɗaya ne, abin da ya fito shi za ka sha, ranar da aka shiga wahalar mai kuma ka koma wa 'yan bumburutu da galan ɗinsu. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu, lokacin da iskar da injin ke shaƙa ta riga ta haura maki 40 tun kafin turbo ta matse ta ta ƙara mata zafi.

Ana iya sa wa K24 turbo ta zauna lafiya, an sha yi a ƙasashen waje. Amma masu yin haka suna sayen manyan nozul, da sabon famfon mai, da lagireton sanyaya iska, da ƙwaƙwalwar da ake iya rubuta wa sabon lissafi, da bututun kai baƙin mai zuwa turbo da dawo da shi, sannan a ɗora motar kan na'urar gwaji a saita ta awa da awanni. Bayan duk wannan ga giyabos ɗinka na otomatik, wanda ba a yi shi don ɗaukar wannan nauyi ba. In ka tara kuɗin, ya isa ka canja mota.

Shawarata ke nan: in ƙarfi kake so da gaske, sayar da ita ka nemi wadda ta fito daga kamfani da babban inji. Ita kanta Accord ta wannan zubi tana da mai silinda shida, lita 3, doki 240, sai dai ka sa a duba giyabos ɗinta da kyau, don nan ne rauninta. Camry ta 2007 mai silinda shida, inji 2GR-FE lita 3.5, tana ba da doki 268, kuma kayanta ba sa wuya a Panteka ko Ƙofar Ruwa. Za ka ƙara kashe kuɗin mai, amma lagireto da giya da birki duk an yi su tare da injin.

Kafin ma ka sayar, nemo dawakan da suka ɓace maka. Motar da ta shekara ashirin a ƙurar hunturu, da matatar iska a toshe da tsofaffin filogi da nozul masu datti, ba ta ba da abin da ta fito da shi. Kuma in an cire maka tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, an cika lagireto da ruwan rijiya, a mayar da komai yadda yake. Wannan al'ada ta kanikawanmu tana ci mini tuwo a ƙwarya: inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa ta yi ta zuba mai, ruwan kuma ya ci cikin injin da tsatsa.

Tambaya daga Kano: "Na ga wata 'yar na'ura a intanet da ake soka wa a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari, an ce tana ƙara ƙarfi ta rage shan mai. Ba ta da tsada. In saya?"

Riƙe kuɗinka. Waɗanda suka fasa irin waɗannan masu arahar sun tarar ba komai a ciki sai fitilu masu ƙyaftawa. Araha ba ta ado. Sake rubuta lissafin ƙwaƙwalwar mota abu ne na gaske, kuma a motar da ta zo da turbo tun daga kamfani, kamar Golf GTI, yana iya ƙara kashi ɗaya cikin biyar ko fiye. A motar da ba ta da turbo, da ƙyar ka ji bambanci. Mai irin waccan motar da ya nace sai ya yi, ya tambayi mai aikin don wane fetur aka rubuta lissafin, kuma ya sa a ajiye masa na asali.

Tambaya daga Agadas: "Ina da Land Cruiser mai shan gas, inji 1HZ. Ina ɗaukar kaya da mutane cikin rairayi, kuma in ta yi nauyi sai ta riƙa nishi a kan tudu. Wasu abokan aikina sun sa turbo. Me ka gani, Malam?"

Alhaji, Allah ya kiyaye hanya. Taka tambayar ta fi ta kowa nauyi a wurina, domin inda kake bi, lalacewar inji ba maganar kuɗi kaɗai ba ce.

1HZ lita 4.2 ne, silinda shida, amma dokinsa bai wuce 130 ba. Lissafa ka gani: doki talatin da 'yan kai ga kowace lita. Wannan ƙarancin shi ne sirrin daɗewarsa, ba a taɓa tambayarsa abin da ya kai ƙarshen iyawarsa ba. Lokacin da Toyota ta so turbo a wannan girman, ba ta ɗaura wa 1HZ ba, sai ta ƙera 1HD-T, wanda ke fesa gas kai tsaye cikin silinda, da fistin na daban da matsi mafi sauƙi. Shi 1HZ yana fara ƙona mansa ne a wani ɗan ɗaki da ke cikin kan injin, kuma waɗannan ɗakuna da fistin su ne ke tsagewa in zafi ya yi yawa.

A injin gas, abin da ke kisa shi ne yawan mai. Bakanike ya buɗe famfo, mota ta yi ta tuttuɗo baƙin hayaƙi, direba ya ji daɗi ya ce ta samu ƙarfi. Baƙin hayaƙin nan man da bai ƙone ba ne, kuma alama ce cewa zafin cikin silinda yana hawa. Madubin zafin ruwa ba zai gaya maka ba sai aikin gama ya gama.

In akwai hali, nemi injin 1HD mai lafiya a musanya, shi ne hanya mafi kwanciyar hankali. In kuwa turbo za ka sa wa naka, to a fara auna matsin kowace silinda a tabbatar injin bai gaji ba. A tsaya a matsi kaɗan, wajen rabin bar. A sa lagireton sanyaya iska, a wanke ko a sabunta na ruwa, a ƙara faɗin salansa. Abin da ba zan yafe maka ba shi ne madubin zafin hayaƙi, wanda ake dasa ma'auninsa kafin turbo. In ka ga allurarsa ta doshi maki 700 a kan tudu, sassauta ƙafa ka sauko giya ɗaya. Ka kuma tuna kuloci zai riga komai gajiya, ka tafi da na ajiya. Sannan kada ka fita doguwar tafiya washegarin aikin, yi mako biyu kana zagaye kusa da gari da kaya a baya.

Tambaya daga Abuja: "Ni matashi ne, na sayi tsohuwar Lexus GS300 saboda an ce injinta 2JZ ne irin na Supra. Burina doki 1,000, kuma in riƙa hawa kullum. Daga ina zan fara?"

Ƙanena, ka yi zaɓi mai kyau, kuma ba zan kashe maka guiwa ba. Amma 2JZ iri biyu ne. Wanda ya yi suna shi ne 2JZ-GTE na motar Toyota Supra ta 1993, lita 3, turbo biyu, gangar jiki ta baƙin ƙarfe. A Japan an rubuta masa doki 276, na ƙasashen waje 320, kuma an gina shi da rara mai yawa, shi ya sa masu gyara suke ninka ƙarfinsa ba tare da sun buɗe cikinsa ba. Naka 2JZ-GE ne, doki wajen 220. Gangar jikin danginsu ɗaya, amma matsinsa ya fi yawa, ba shi da 'yan bututun da ke fesa baƙin mai ƙarƙashin fistin don sanyaya su, kuma na shekarun baya-baya sandunan fistin ɗinsa sun fi sirantaka.

Yanzu dubi abin da doki 1,000 ke nufi. Da Bugatti ta fitar da Veyron a 2005 da doki 1,001, kuma tana so mai ita ya hau ba fargaba, sai da ta yi inji lita 8, silinda 16, turbo huɗu, da lagireto goma. Doki 125 ke nan ga kowace lita. Kai kana neman fiye da 330 daga kowace lita. A ɗaya gefen akwai motocin tseren miƙaƙƙiyar hanya na Amurka masu doki sama da 10,000, waɗanda ke cinye mita 300 cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, sannan a kwance injin gaba ɗaya bayan kowane gudu. Masu Supra mai doki 1,000 da kake gani sun canja fistin da sanduna da kusoshin kan inji, akasarinsu kuma man da suke sha E85 ne mai yawan giyar masara, ko man tsere, waɗanda ba ka da famfonsu a nan.

Sa burinka a doki 400. Wannan ya kusan ninka abin da kake da shi, kuma a mota mai jan baya ya isa ya tsorata ka. Ka fara da birki da taya da shokozoba, don su ne za su dawo da kai gida. Sai lagireto da masanyayin baƙin mai, sai famfo da nozul, sai gaskit mai kauri ko fistin masu rage matsi, sai ƙwaƙwalwar da ake saitawa tare da ma'aunin iska da fetur a gabanka. Ka tanadi kuɗin giyabos daban. Turbo ita ce ta ƙarshe a saye, kuma matsakaiciya, domin babba ba ta farkawa sai inji ya yi nisa da juyawa, a cunkoson Nyanya ba za ta amfane ka ba. Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, nemo wanda zai saita maka ƙwaƙwalwar, ka ga motocin da ya yi shekara biyu da suka wuce, ka tambayi masu su ko har yanzu suna kan titi.

Ina roƙonka abu ɗaya, don na san yadda jinin samartaka yake: gwajin gudu a yi shi a rufaffen fili, ba a titin da masu a-daidaita-sahu da 'yan makaranta suke tsallakawa ba. In ka gama matakin birki da sanyaya inji, sake rubuto mini da shekarar motar da sakamakon awon matsin silindojinta shida, sai mu duba girman turbo ɗin da ya dace da ita.