Magen da ta ƙi abincin gwangwani: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Magena shekararta 6, kuma tun tana 'yar mitsitsiya busasshen abincin nan na buhu kaɗai ta sani. Watan jiya ta yi fama da ciwon mafitsara, likitan dabbobi ya ce in mayar da ita kan jiƙaƙƙen abinci na gwangwani domin ruwa ya riƙa shiga jikinta. Na sayo katan guda cur. Da na zuba mata, ta zo ta shinshina, ta sa ƙafa tana karce ƙasa a gefen farantin kamar mai binne kashi, ta yi tafiyarta. Maigidana ya ce in ɗauke busasshen gaba ɗaya, ai in yunwa ta ciyo ta da kanta za ta ci. In bi shawararsa? Katan ɗin kuma fa, asara ke nan? Daga wata uwargida.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. A gaida maigida, amma a wannan karon kada ki bi tasa. Kare ne ake yi wa horon yunwa ya saduda. Mage tana iya zama gaban faranti cike da abinci tana ramewa har ta kwanta ciwo, ba ta taɓa shi ba.

Idan ta daina ci, jikinta yakan kwaso kitsen da ya tara ya tura wa hanta don ta mayar da shi kuzari. Hantar mage kuwa ba ta iya sarrafa kitse mai yawa a lokaci guda, sai ya taru ya cushe ta, aikinta ya tsaya. 'Yan kwanaki kaɗan ba ci sun isa wannan ciwo ya kankama, kuma mai ƙiba ce ta fi shiga hatsari, irin wadda ake kallo a ce ai wannan tana da ajiya. Za a ga farin idonta da cikin kunnenta da dasashinta sun yi rawaya, ga amai, ga dalalar miyau, ga kasala. Jinyarsa takan kai ga a sa mata bututu a riƙa ɗura mata abinci har tsawon makonni. Don haka duk ranar da mage ta cika awa 24 ba ta sa komai a baki ba, a miƙa mata abin da ta saba. Idan shi ma ta ƙi, sai wurin likita.

Shi likitan naki gaskiya ya faɗa miki. Ruwan da ke cikin busasshen abinci bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, na gwangwani kuwa yakan kai kashi 75 zuwa 80. Kakannin magen gida kyanwar daji ce ta Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, ƙasashe masu ƙarancin ruwa, kuma daga jikin ɓera da tsuntsun da ta kama take samun yawancin ruwanta. Shi ya sa har yau ƙishirwa ba ta cika tayar da mage ba. Wadda ke cin busasshe za ki ga tana yawan zuwa kwanon ruwa, amma in aka haɗa jimilla, sau da yawa ba ta kamo mai cin jiƙaƙƙe ba, sai fitsarinta ya yi kauri. Fitsari mai kauri ne ke ba tsakuwa damar haɗuwa a mafitsara.

To me ya sa ta ƙi? Ba yanga ba ce. A wurinta abin da kika zuba bai ma yi kama da abinci ba. 'Yan ƙwayoyin ɗanɗano da ke harshen mage ba su kai 500 ba, alhali na mutum sun kai dubbai, kuma a 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka suka gano cewa ko zaƙi ba ta ji. Da hanci take zaɓen abinci, sai kuma yadda yake ji a baki. Masu yin busasshe sun san haka, shi ya sa suke fesa kitse da narkakken ruwan nama a bayan kowace ƙwaya. Shekara 6 ke nan magenki ta san abinci da wannan ƙamshi da wannan garas-garas ɗin, sai ga ki da wani abu mai sanyi, mai laushi tiɓis. Karce ƙasar da ta yi kuma kada ki ɗauke shi zagi. Tsohuwar ɗabi'a ce ta rufe ragowar abinci don kada warinsa ya jawo wata dabba.

Aikin farko ma ba ya shafar gwangwanin. Idan kwanonta a cike yake dare da rana, ki daina haka. Ki auna abin da take ci a yini, ki raba shi kashi 3 ko 4, ki ajiye, bayan minti 20 zuwa 30 ki ɗauke. Ba rage mata kika yi ba, lokaci kika sa wa cin, domin ta san me ake kira jiran abinci. Ki ba wannan mako guda. Za ta yi miki kuka a ƙafa, ki daure.

Daga nan sai ki kawo jiƙaƙƙen, ƙaramin cokali ɗaya tak, a wani faranti dabam kusa da nata. Da yawa sukan ce a cakuɗa su tun ranar farko. Ni ban goyi bayan haka ga mage mai tsananin zaɓe ba, don in warin sabon bai yi mata ba sai ta haɗa su duka ta ƙi, kin ga an koma maganar yunwa. Faranti mai faɗi marar zurfi ya fi, yadda gashin bakinta ba zai riƙa gugar gefe ba. Ki ajiye ki ba ta wuri, kada ki tsaya a kanta kina lallashi. In ba ta taɓa ba ki zubar, gobe ki sake. Cokali ɗaya ne, zubar da shi ba zai yi miki ciwo ba, kuma kullum hancinta yana ƙara sabawa.

Dabaru biyu ne suka fi cin nasara. Ta farko ɗumi. Abin da ya fito daga firji ba ya ƙamshi. Ki zuba cokali ɗaya na ruwan ɗumi ki juya, ko ki tsoma farantin cikin ruwan zafi na ɗan lokaci, har ya yi kusa da zafin jikinta, wato digiri 38 ko kusa da haka. Ki taɓa da yatsa, ɗumi ake so ba zafi ba. Ta biyu, ki ɗebi 'yan ƙwayoyin busasshen da ta sani ki daka su su zama gari, ki barbaɗa a saman jiƙaƙƙen. Garin za ta zo lasa, harshenta ya haɗa da na ƙasa. Wasu magunan sukan karɓa daga kan yatsa abin da suka ƙi a faranti, ki gwada. Ɗan wasan tsere da igiya na minti 5 kafin cin abinci shi ma yana buɗe mata ciki. Abu ɗaya da ba a yi shi ne buɗe mata baki a tura. Mage tana da riƙo: abincin da ta haɗa da tsoro ko tashin zuciya, tana iya ƙinsa har abada.

Ranar da kika ga ta lashe cokalin nan, an ci rabin yaƙi. Sai ki riƙa ƙara jiƙaƙƙe kina rage busasshe: kashi ɗaya cikin huɗu, sannan rabi, sannan kashi uku, kowane mataki kwana 2 ko 3. Mage marar rigima takan gama cikin kwana 7 zuwa 10. Irin taki tana iya ɗaukar makonni, wata ma watanni, kuma babu laifi a ciki. In gudawa ko amai ya biyo baya, ki koma matakin da ya wuce ki daɗe a kansa.

Batun katan: gwangwanin da ba a buɗe ba yana daɗewa, ki duba ranar ƙarewarsa ki adana. Amma nan gaba, ɗaya-ɗaya ake saye har a gane bakin mage. Jiƙaƙƙen abinci iri-iri ne, akwai niƙaƙƙe lilis, akwai gutsattsari cikin romo, akwai mai jeli, akwai wanda aka yayyaga zare-zare, kuma mage tana iya ƙin kaza niƙaƙƙiya ta cinye kazar nan dai cikin romo. In ta shanye romon ta bar gutsattsarin, ki murƙushe su da cokali mai yatsu su haɗe. Sai dai idan abincin magani ne likita ya rubuta mata takamaimai, ki tambaye shi kafin ki canza iri. Kamfanonin da ke yin irinsa sukan fitar da shi a siffa fiye da ɗaya.

Tambaya: Anti, ni muzuruna ya karɓi jiƙaƙƙen ba gardama. Nauyinsa kilo 4, ina ba shi ƙaramar leda ɗaya da safe, ɗaya da yamma, amma kullum cikin kuka yake, har na ga kamar ya rame. Sannan ya fi son wani iri mai farin naman kifin tuna zalla cikin ruwa, wanda ya fi sauran tsada. In tsaya a kansa? Daga wani mai muzuru.

Amsa: Malam, muzurunka ba kwaɗayi yake yi ba, yunwa yake ji. Yawancin nauyin jiƙaƙƙen abinci ruwa ne. Giram 100 na busasshe yana ɗauke da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) 350 zuwa 400, giram 100 na jiƙaƙƙe kuwa 70 zuwa 100 kawai. Muzuru mai kilo 4 da ke zaune a gida yana bukatar kalori 200 zuwa 250 a yini. Ledar giram 85 sau biyu ba ta kai nan ba, kusan uku yake bukata. Ka duba bayan ledar, akwai jadawali, ka fara da shi, sannan ka riƙa auna nauyinsa duk bayan mako biyu. Sikeli ya fi ido gaskiya.

Mai tunan nan kuma ka sake karanta jikinsa da kyau, don a nan ne mutane suka fi faɗawa. Kyan gani da tsada ba su ne cikar abinci ba. Ka nemi kalmar "complete" a jikin fakitin, ma'ana an haɗa duk abin da mage ke bukata, bisa ma'aunin ƙungiyoyin da ke tsara ƙa'idar abincin dabbobi, wato AAFCO a Amurka ko FEDIAF a Turai. In ka ga "complementary", to na marmari ne, ba a rayuwa a kansa shi kaɗai. Irin waɗanda ake ganin tsokar kifi fes cikin ruwa, da yawansu a wannan rukuni suke. Maganar ba ƙarama ba ce. Akwai wani sinadari mai suna "taurine" da jikin mage ba ya iya haɗa isasshensa, dole sai daga abinci, kuma a 1987 likitocin dabbobi a Jami'ar Kalifoniya ta Davis suka nuna cewa ƙarancinsa ne ke janyo wa maguna wani ciwon zuciya mai kisa. Rashinsa yana makantarwa kuma. Tun daga lokacin kamfanoni suka ƙara shi a cikakken abinci. Tunan gwangwani na mutane shi ma haka yake, ɗan kaɗan a saman abinci don jan hankali babu laifi, amma ba abincin kullum ba ne. Duk romon da aka sa wa albasa ko tafarnuwa kuma kada ya kusanci kwanonsa, suna lalata masa ƙwayoyin jini.

Idan leda uku kullum ta fi ƙarfin aljihu, ka haɗa: jiƙaƙƙe safe da yamma, ɗan busasshe aunanne a tsakani. Babban gwangwani ma yakan fi ƙananan ledoji sauƙi in aka lissafa giram da giram. Wanda ya kumbura ko ya lotse a bakin murfi, kada ka saye shi.

Tambaya: Anti, tun safe nake fita aiki sai dare. In zuba mata jiƙaƙƙen da yawa ta yini tana ci? Daga wata ma'aikaciya.

Amsa: A'a ƙanwata. Da zarar an buɗe shi, nama ne kamar kowane nama. Awa ɗaya zuwa biyu a faranti ya isa, in ana zafi ma bai kai haka ba. Ki ba ta kafin ki fita, ki ba ta da kin dawo, ki ƙara kafin ki kwanta, ki bar mata busasshe kaɗan na rana. Ragowar gwangwani ki rufe ki sa a firji, ki ƙarar cikin kwana 2 zuwa 3. Farantin kuma a wanke bayan kowane ci.

Tambaya: Hajiya Anti, tsohon muzuruna yana da ciwon suga, ina yi masa allurar insulin. Ina so in mayar da shi kan gwangwani, amma an ce busasshe ne ke wanke haƙora. Gaskiya ne? Daga wani dattijo.

Amsa: Baba, batun haƙora an zuzuta shi. Yawancin maguna haɗiye ƙwayar suke yi, ko ta farfashe da cizon farko kafin ta goge komai. Akwai busasshe na musamman da aka yi don haƙori, manyan ƙwayoyi masu jan tauna, amma na yau da kullum ba ya wannan aiki. Goge haƙora da duban likita ne ke yi.

Allurar ce abin dubawa. Jiƙaƙƙen abinci galibi bai kai busasshe sitaci ba, don haka da an canza, sugan jininsa yana iya sauka cikin 'yan kwanaki. Ga mai ciwon suga wannan alheri ne, wasu magunan har a rage musu allura. Amma in aka ci gaba da yi masa awon insulin na dā, sugan zai iya faɗuwa ƙasa warwas, ka ga yana tangaɗi, yana karkarwa, ko ya suma. Kada ka canza ko cokali ɗaya sai kun zauna da likitansa ya tsara yadda za a riƙa gwada jinin da yadda za a rage allurar.

Bayan canjin za ka ga ya rage zuwa kwanon ruwa. Daga abinci yake samun ruwan, ba matsala ba ce, amma a bar masa kwanon cike. Wanda ba a jira a kansa shi ne muzurun da ke zarya zuwa wurin fitsari, yana yunƙuri yana kuka, ba abin da ke fita. Hanyar fitsarin namiji siririya ce, in ta toshe tana iya kashe shi cikin kwana 2 ko 3. Wannan ko tsakar dare ne a kai shi asibiti.